A Minti Nawa? Zagayen Lahadi a Bompai, Sharaɗa da Challawa

Unguwannin masana'antun Kano fuska biyu gare su. Daga Litinin zuwa Asabar na tireloli ne da leburori da mata masu shinkafa da wake a bakin get. Ranar Lahadi kuwa, da an ja ƙofofi an rufe, sai kwalta ta koma hannun wasu mutane daban: masu koyon mota, da yara 'yan ƙwallo, da samarin da ke son ganin ƙarshen gudun baburansu. Saboda waɗannan na ƙarshen na ɗauki wata Lahadi sukutum na zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ɗan yayata ne ya ja mini. Ya ishi gida da cewa shi ba shi da sana'ar da ta wuce tseren babur irin wanda yake kallo a waya, uwarsa kuma ta ce in yi masa magana. Na ga kafin in buɗe baki gara in je in ga inda abokansa ke taruwa.

Da Bompai na fara, don ita ce babba. Tun zamanin Turawa aka yanka ta, lokacin da gyaɗa ke mulki, jirgin ƙasa na kwasarta zuwa Ikko. Titunanta a miƙe suke, masu faɗi, tsofaffin itatuwa sun yi musu rumfa. Wasu kamfanonin na aiki har yanzu, musamman na roba da na kayan ciye-ciye, amma da yawa sun koma ɗakunan ajiya, wasu kuma ciyawa ta cinye harabarsu. Rashin wuta, da karyewar naira tun daga 1986, da atamfar waje da ta cika Kantin Kwari, su suka haɗu suka yi wa wurin wannan aika-aika.

Da hantsi babu kowa sai masu gadi. Na tarar da wani dattijo kan benci da rediyonsa, kekensa na jingine da bango.

"Baba, barkanku da hutawa. 'Yan wasan babur nake nema."

"Barka kadai, ɗan nan. Nan kusa da hedkwatar 'yan sanda wa zai tsaya wasa? Sukan gifta dai. In taronsu kake so, ka nufi Sharaɗa bayan la'asar."

Ya ce a wannan kamfanin da yake gadi ya yi ƙuruciyarsa, yana kan inji. Da ya ga ina kallon keken, sai ya buga sirdinsa ya ce Raleigh ne, kuma a garin nan aka haɗa shi, ba daga waje aka kawo ba. Gaskiyarsa: Kano ta taɓa samun masana'antar kekunan Raleigh. Baburan da suka cika titunanta yau kuwa, daga Indiya da Sin asalinsu yake.

A kan bencin nan na tuna da wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron. A watan Disamba na 1934 suka bar Landan kan babur ƙirar Panther mai akwatin gefe, yana jan ƙaramar tirela. Suka ratsa Sahara ta Tamanrasset da Agadas, suka sauko Kano, suka wuce har birnin Cape Town a watan Yuli na 1935. Abin da ya sa na tuna da su ba tafiyar ba ce kaɗai. A filin tsere na Brooklands, a wancan zamani, akwai wata lamba mai tauraron zinariya da ake ba duk wanda ya yi zagaye ɗaya cikakke da gudun da ya haura mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 161. Blenkiron ta samu tata a 1934 kafin su taso, Wallach kuma a 1939. Ba a ba da lambar don kyan hawa, ko don 'yan kallo sun yi tafi. Mutum ne ke zaune da agogo a hannu, in ka kai ka kai, in ba ka kai ba sai wani jiƙon. Daga baya ma tseren duniya ya leƙo mu: a 1974 motocin gasar Landan zuwa Munich ta Sahara a Kano suka juya suka koma arewa, baburan gasar Dakar kuwa sun sha ratsa Agadas tun daga 1979. Duk baƙi ne, sun zo sun tayar da ƙura sun tafi.

Kafin in bar wannan ɓangare na gari na biya ta Filin Sukuwa, wanda ba shi da nisa. Na tsaya na dubi shingen da ya kewaye fagen. A nan an san inda doki zai tashi, an san inda zai ƙare, an san tsawon da zai ci, akwai alƙalai, akwai wurin tsayuwar jama'a. Ke nan Bakano ba baƙon tsararren tsere ba ne. Doki ya samu fage tun kafin a haifi iyayenmu. Babur, wanda ya fi shi yawa ninkin-ba-ninkin, bai samu ko taku ɗaya ba.

A Adaidaita Sahu na tafi Sharaɗa, don babu acaɓa. Tun watan Janairu na 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni. Dubban baburan haya suka tashi daga aiki, amma babur bai bar Kano ba, ya dai koma na gida: na zuwa kasuwa, na kai yara makaranta, na rakiyar ango ranar ɗaurin aure, inda samari ke nuna bajintar da kan sa tsofaffi salati. Mai Adaidaitan da ya ɗauke ni tsohon ɗan acaɓa ne. Muka yi dariyar shekarar 2009, da aka tilasta hular kwano, wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna ɗaurewa da igiya har labarin ya kai gidajen rediyon duniya. Dariya ce mai ɗaci, don hular ba ta zauna ba har yau.

Sharaɗa kashi uku ce, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kuma gari ya riga ya cim mata, gidaje sun manne da katangun kamfanoni. A wani layi mai tsawo da ke tsakanin katanga biyu na same su, wajen rumfar wani bakanike da ba ya hutun Lahadi, don ranar ce kasuwarsa. Boxer ne da Jincheng da Lifan, sai roba-roba biyu ko uku. An cire madubai, an cire kariya, an huda salansa don ƙara, an taɓa kafireta. Ɗan yayar tawa yana hango ni ya sulale ta bayan rumfa, ban sake ganin ƙeyarsa ba.

Sai da rana ta yi sanyi aka fara. Biyu-biyu suke tashi daga wani turken lantarki, su murɗa totur har ƙarshen layi, su yi kwana su dawo. Wani ya ɗaga gaba ya tafi kan taya ɗaya, wani ya kwanta rub-da-ciki kan sirdi ƙafafu a miƙe a baya. Silifas ne a ƙafa, riga mai gajeren hannu a jiki, kai babu komai. Yara sun yi layi a bakin kwata, kusan kowa waya a hannu yana ɗauka. Ba zan ɓoye ba, akwai gwaninta. Yadda wani mai jar riga ke kwantar da Boxer a kwana, ya tashe ta ba tare da ya sa ƙafa ba, ba abin da ake koya a kwana biyu ba ne.

"Oga, wa ya fi gudu a cikinsu?" na tambayi bakaniken.

"Wancan mai jar rigar. Duk Sharaɗa babu mai kama shi."

"A minti nawa yake zuwa ya dawo?"

Ya ajiye sifana ya dube ni, sai ya fashe da dariya. "Haba Malam, wa ke duba agogo? Ai ido ne alƙali."

Wannan amsa ita ce tazarar da ke tsakanin layin nan da abin da yaran ke kallo a waya. Wayoyi sun fi ashirin a wurin, kowace da agogon awon daƙiƙa a cikinta, amma duk hoto suke ɗauka. A tseren ƙwararru kuwa, kafin a bar ka ka jera da mutane ranar gasa, sai ka shiga zagayen tantancewa. Akwai 'yar na'ura maƙale a jikin kowane babur, da ta gifta layi za ta rubuta lokacinka har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Lokacin nan shi zai nuna inda za ka tsaya a sahun tashi, kuma shi zai nuna ko za ka tashi ma sam. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, wadda aka kafa a 1904, ta daɗe tana aiki da ƙa'idar kashi 107 cikin 100, daga baya aka matse ta zuwa 105 a gasar MotoGP. Lissafin ba wuya: in wanda ya fi kowa sauri ya zaga fili a minti 1 da daƙiƙa 40, to duk wanda ya haura minti 1 da daƙiƙa 45 ya koma gefe ya yi kallo. Daƙiƙa biyar kacal, a fili mai tsawon kilomita huɗu ko biyar da kwana goma sha wani abu.

Mutum zai ɗauka wulaƙanci ne ga mai rauni. A'a, tsaron rai ne. Baburan nan suna haura kilomita 350 a awa. Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya taɓa kilomita 366.1 a filin Mugello na Italiya a 2023. A irin wannan gudu, wanda ya fi kowa haɗari a fili shi ne mai jan ƙafa, wanda za a zagayo a tarar a tsakiyar kwana yana taka birki a inda ba a zata ba. Kuma abin da agogo ke nema ba zagaye ɗaya na sa'a ba ne. Ƙwararre shi ne wanda zai yi zagaye ashirin a jere, bambancin kowane da ɗan uwansa bai kai rabin daƙiƙa ba. Mai jar riga na iya zama haka, yana iya zama ba haka ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, shi kuwa ba a taɓa gwada shi ba, kallonsa kawai ake yi.

Da ya tsaya shan ruwa na matsa kusa da shi.

"Samari, sannu da ƙoƙari. Kana da lasin?"

"Lasin kuma, Kawu? Ai babur ba mota ba ce."

A doka dai akwai shi. Lasin tuƙi na Najeriya aji-aji ne, ajin A na babur ne, ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba, kuma sai jami'an duba ababen hawa sun gwada mutum kafin Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta buga masa kati. Amma ko da yana da shi, wannan takardar hawa titi ce, ba ta tsere ba. Lasin tsere wani abu ne daban, ƙungiyar wasan babura ta ƙasa ke bayarwa, kuma hawa-hawa ne.

Tsarin Ingila na fi sani, inda ƙungiyar ACU ke riƙe da harkar tun 1903. Sabon shiga sai ya kawo shaidar gwajin ido, ya zauna aji a koya masa dokoki da ma'anar tutoci: rawaya haɗari ne a gaba, ba a wuce kowa, ja a tsaya, shuɗiya na nufin wanda ya fi ka sauri na bayanka zai zagaye ka, baƙa da lambarka kuwa, fito daga fili. Sannan malami ya bi shi cikin fili ya ga yadda yake riƙe layi da yadda yake taka birki. In ya ci, a ba shi lasin 'yan koyo, ya riƙa sa riga mai ruwan lemo a kan kayansa don kowa ya san sabon hannu ne, a ba shi sarari. Ba zai tuɓe rigar ba sai ya kammala tsere goma a filaye aƙalla uku. Kafin ya hau matakin ƙasa kuma, sai takardun sakamako sun nuna gudunsa bai yi nisa da na wanda ya zo na ɗaya ba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Daga nan ne ake maganar lasin ƙasa-da-ƙasa.

Ina wannan bayani bakaniken na gyaɗa kai. Ya ce, "To ai kamar mu ne, Malam. Yaro sai ya shekara yana wanke noti da miƙo sifana kafin in bar shi ya buɗe inji, kuma ba ya buɗe rumfarsa sai na yaye shi." Ya fahimci abin fiye da yadda na faɗa.

Mai jar riga kuwa tambaya ɗaya ya yi: "To a ina ake yin na nan?" A Kano dai babu. Filin tseren da masu sha'awa suka gina a ƙasar nan yana Evbuobanosa ta Jihar Edo, tafiyar yini guda daga nan, kuma masu manyan babura ne ke zuwa, waɗanda kuɗin tayoyinsu kaɗai ya isa a yi cinikin tsohuwar Boxer.

Na bar su ana ta ihu na kama hanyar Panshekara don in riski Challawa kafin magariba. Hanci ke fara sanar da kai ka iso. Nan ne matattarar kamfanonin jima, inda ake sarrafa fatun awaki da tumaki a tura Italiya da Sifen, ruwan da ke fita daga cikinsu kuma ya daɗe yana damun kogin Challawa da manoman bakinsa. Tituna a nan ba su yi kama da na Bompai ba. Manyan motoci sun cinye kwalta, tifofin yashi na tasowa daga bakin kogi ko ranar Lahadi, yashin da suke zubarwa ya kwanta a kowace kwana. Duk wanda ya taɓa taka birkin gaba a kan yashi ya san abin da ke biyo baya. Duk da haka na ga samari biyu sun fito daga wata mahaɗa kafaɗa da kafaɗa, suka raba wata tifa a tsakiya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Direban ya leƙo yana zagi, su kuwa ko waiwaye.

Abin ya tsaya mini a rai, ganin a bayan katangun nan fata ce jibge, ga yara na gudu da singileti. Mai tseren gaske ba ya shiga fili sai cikin rigar fata tun daga wuya har idon sawu, ta saniya ko ta dabbar kangaru, da safar hannu da takalmi da hular kwano mai rufe haɓa. Tun 2018 ma wajibi ne rigar 'yan gasar duniya ta kasance da jakar iska a ciki, mai kumbura kafin mutum ya kai ƙasa. Suna faɗuwa a gudun da ya ninka na Boxer, su mirgina, su tashi su kaɗe jiki, saboda bayan kowace kwana an bar fili da tsakuwa mai tsayar da mutum. A Challawa bayan kwana katanga ce, ko kwata, ko tirela a fake. Inda ake ƙarewa kuwa sananne ne: wurin mai ɗori, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko maƙabarta.

Wani zai ce ai Turawa ma suna tsere a kan titin gari. Haka ne. A Tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, ana yi tun 1907, daga 1911 kuma a kan hanya mai tsawon kilomita 60.7 da ta ratsa ƙauyuka ta hau dutse. Peter Hickman ya zaga ta a minti 16 da daƙiƙa 36 a 2023. Amma doka ce ke rufe hanyar baki ɗaya, ɗaruruwan masu tuta na tsaye a gefenta, jiragen ɗaukar majinyata na jira, sabon zuwa kuma sai ya samu lasin na musamman, ya fara bin bayan jagora a hankali, sannan ya cika lokacin da aka yanka. Da duk wannan shiri, mutum fiye da 260 sun mutu a kanta tun 1911. Ni a ganina wannan ba abin koyi ba ne, abin tsoro ne. Ko a rufaffen fili ma ba a tsira ba: a 2021 kaɗai an rasa Jason Dupasquier mai shekara 19, da Hugo Millán mai 14, da Dean Berta Viñales mai 15, abin da ya sa aka ɗaga shekarun shiga gasar duniya zuwa 18 daga 2023. In masu agogo da likita a bakin fili suna binne 'ya'yansu, ina ga wanda ke raba tifa?

Hanawa dai an sha yi. A kore su daga wannan layi su ɓulla a wancan, a kama babur a biya tara a karɓo. Abin da ba a gwada ba shi ne a ba su ƙofar shiga mai sharaɗi. Kuma ba sai an gina irin Mugello ba. Binder, wanda ya ci kambin duniya na ajin Moto3 a 2016, ya kuma ci tseren MotoGP a Brno a 2020, a ƙananan motocin tsere na yara ya fara. Tun 2021 FIM ke gudanar da gasar MiniGP ta yara 'yan shekara 10 zuwa 14, kan ƙananan babura masu inji 160, a filayen da da yawansu ba su fi kilomita ɗaya ba. A Indiya kamfanin TVS na shirya gasar da kowa ke hawa babur iri ɗaya, a koyar da sababbi, a auna lokacinsu, a zaɓi na zaɓa. Kamfanin Bajaj mai Boxer kuwa babban mai hannun jari ne a KTM, wato baburan da Binder ya ci tsere da su. Kuɗin da Kano ke zubawa a Boxer da TVS ba kaɗan ba ne. Neman su dawo da wani abu ba roƙo ba ne.

Ana kiran magariba na tsaya a ƙofar wani rufaffen kamfani a Challawa na leƙa ta ramin get. Harabar shimfiɗe take da kankare, inda tireloli ke juyawa a da, katanga ta kewaye ta ko'ina, ƙofa ɗaya ce. Irinta ba ɗaya ba ce a unguwannin nan uku. Tsofaffin tayoyin da za a jera a gefe suna nan tuli a Ƙofar Ruwa. Sauran su ne na'urar awon lokaci, da motar asibiti a bakin ƙofa, da malami, da littafin rajista, da doka ɗaya da ba ta da sassauci: babu hula da rigar kariya da lasin ajin A, babu shiga, wanda kuma aka kama yana tsere a titi, a soke sunansa. Yaron da ya san lokacinsa na rubuce a allo, ya san wani ya fi shi da daƙiƙa biyu, yana da abin da zai kora wanda ya fi tafin 'yan kallo.

Ƙungiyar masu masana'antu tana da reshe a Bompai, tana da wani na Sharaɗa da Challawa, kuma mambobinta ne ke riƙe da makullan waɗannan harabobi. Su da hukumar wasanni ta jiha da dillalan babura na Fagge da Sabon Gari, su zauna su ba yaran nan harabar kamfani ɗaya, ko da ranar Lahadi kaɗai ce, a fara da ajin Boxer.